Kuɗin Fansho: Kana Da Zaɓi, Amma Wa Ya Gaya Maka?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurari murya ba, da kuma masu cewa sun fi fahimta idan sun karanta da idonsu.

Yau maganar fansho za mu yi. Na san wani zai ce, haba, ni da ban cika shekara talatin ba, ina ruwana da fansho? To ka tsaya tukuna. Idan kai ba ma'aikaci ba ne, akwai ma'aikaci a gidanku: ko Baba, ko Yaya, ko wata Anti da take aikin asibiti. Ranar da ya ajiye aiki, abin da aka miƙo masa shi ne zai nuna ko gidan zai ci gaba da tsayuwa da ƙafarsa, ko nauyin zai dawo wuyanka. Idan kuma kai ne ka samu aikin kwanan nan, to ka fi kowa buƙatar wannan hirar, don kai ne kake da shekaru a gaba.

Tambayar da nake so ka yi wa duk ma'aikacin da ka sani a nan Dawakin Tofa, daga Dawanau har Marke, ita ce: kuɗin da ake yanka a albashinka duk wata, a wane asusu suke? Mafi yawa za su gaya maka sunan kamfanin da ke riƙe da kuɗin. Ka sake cewa, na ji kamfanin, amma wane asusu a cikin kamfanin? A nan za ka ga an yi shiru.

Kafin mu shiga, dole mu raba ma'aikatan garin nan gida biyu, don idan ba mu raba ba za mu rikita mutane. Akwai na gwamnatin tarayya da na kamfanoni: ɗan sanda, ɗan sibil difens, ma'aikacin shige da fice, wanda yake tafiya BUK ko asibitin Malam Aminu Kano ko kwalejin tarayya ta Bichi kullum da safe, da ma'aikacin banki. Akwai kuma na jiha da ƙaramar hukuma: malamin firamare, ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi, ma'aikacin sakatariya. Tsarinsu ba ɗaya ba ne ko kaɗan. Bari mu fara da na farkon.

A shekarar 2004, zamanin Obasanjo, aka canja tsarin fansho na tarayya. A da gwamnati ce take alƙawarin za ta biya ka daga kasafin kuɗi idan ka yi ritaya, kuma duk wanda ya girma a gidan ɗan fansho ya san yadda wancan alƙawarin yake ƙarewa: layi, tantancewa, jira. Sabon tsarin ya ce kowane ma'aikaci a buɗe masa asusu da sunansa, wanda ake kira RSA. A 2014 aka sake gyara dokar, aka tsayar da cewa ma'aikaci zai riƙa zuba kashi 8 cikin 100, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba aƙalla kashi 10. Kamfanin da ke juya kuɗin shi ne PFA, wani kamfanin daban ne kuma yake ajiye su, sannan hukumar PenCom tana sa ido a kan kowa.

Kuɗin nan ba kwanciya suke yi ba. Juya su ake yi: a ba gwamnati rance, a sayi hannun jari a kamfanoni, a ajiye wani ɓangare a bankuna. A ƙarshen 2024 jimillar kuɗin ta haura naira tiriliyan 22, kuma fiye da rabinsu rance ne a hannun gwamnatin tarayya.

Shekara da shekaru duk mai aiki a tukunya ɗaya yake. Yaro ɗan shekara 24 da ya fara aiki jiya, da dattijon da saura masa wata shida, iri ɗaya ake juya musu kuɗi. Sai a watan Yulin 2018 PenCom ta raba tukunyar gida huɗu. A takardar bayanin asusunka za ka ga an rubuta Fund I, ko Fund II, da sauransu. Mu a nan za mu ce asusu na ɗaya, na biyu, haka.

Abin da ya bambanta su shi ne yawan kasadar da aka yarda a yi da kuɗin. Manomi zai gane wannan nan take. Gero da dawa ba sa sa mutum ya yi kuɗi dare ɗaya, amma da wuya su bar gida da yunwa. Riɗi kuwa, shekarar da ya yi kasuwa sai ka ga mutum ya sayi babur ya yi rufin kwano, shekarar da farashi ya karye kuma ka ji shi shiru. Rancen gwamnati shi ne geron, hannun jari shi ne riɗin. Lokacin da aka fara tsarin, asusu na ɗaya an yarda a zuba har kashi 75 na kuɗinsa a irin kayan da darajarsu take hawa da sauka. Na biyu kashi 55, na uku kashi 20, na huɗu kashi 10. An taɓa waɗannan alƙaluman daga baya, amma jerin yana nan yadda yake: na ɗaya ya fi kasada, na huɗu ya fi lallaɓawa.

Ga inda maganar take. Idan ba ka ce komai ba, kuma shekarunka ba su kai 50 ba, kana asusu na biyu. Ranar da ka cika 50, a mayar da kai na uku. Ka yi ritaya, na huɗu. Asusu na ɗaya ba a saka kowa a ciki sai wanda ya nema a rubuce, kuma wanda ya kai 50 ba ya shiga. Ɗan asusu na uku yana iya neman a mayar da shi na biyu. Sauyin nan kyauta ne sau ɗaya a cikin wata 12. Ma'ana, shirun da ka yi ma an ɗauke shi a matsayin amsa, an zaɓa maka.

Wani zai ce, to bambancin nawa ne da za a dame mu? Bari mu yi lissafi, misali ne kawai, ba alƙawari ba. A ce ɓangaren albashinka da ake lissafin fansho a kai naira 100,000 ne. Naka 8,000, na gwamnati 10,000, duk wata 18,000, a shekara 216,000. A ce albashin bai taɓa ƙaruwa ba har shekara 30. Abin da aka zuba gaba ɗaya bai kai miliyan 6 da rabi ba. Idan kuɗin suna samun ribar kashi 10 duk shekara, za ka tarar da wajen miliyan 35. Idan kashi 12 ne, wajen miliyan 52. Kashi 2 kacal, amma ratar ta haura miliyan 16. Aiki ɗaya, albashi ɗaya, ofis ɗaya. Kun ga abin ba wasa ba ne.

Sai dai kada wani ya rufe wannan rubutun ya ruga ya ce a mayar da shi asusu na ɗaya. Kasuwar hannun jari ba ta da amana. Shekarar da aka buɗe tsarin ma, 2018, kasuwar Najeriya faɗuwa ta yi da kusan kashi 18, a 2019 ta ƙara faɗuwa. Wanda ya yi tsalle ya shiga a lokacin, shekara biyu yana kallon abokan aikinsa suna gaba da shi. Sai a 2020 ta tashi da kashi 50, a 2023 ta ƙara wajen kashi 46. Wanda ya tsorata ya fita a 2019, ya sha faɗuwar, bai ci tashin ba. Wannan ita ce asarar da ta fi ciwo, kuma duk wanda ya taɓa sayen hatsi ya ajiye a Dawanau ya san ta: ka saya da tsada, farashi ya karye, ka firgita ka sayar, bayan wata biyu ya tashi.

Ni a ganina, mai shekara 25 ko 30 wanda ba zai taɓa kuɗin nan ba sai bayan shekara ashirin da wani abu, kuma zuciyarsa za ta iya ɗaukar ganin lamba ta ragu ba tare da hawan jini ba, ya kamata aƙalla ya zauna ya yi tunanin asusu na ɗaya. Ya kuma sani cewa kuɗin hidimar da ake cira a can ya ɗan fi na sauran. Wanda kuwa saura masa shekara biyar, ya bar riɗi, ya riƙe geronsa.

Amma fa geron ma yana da nasa ƙwaron. A watan Disambar 2024, hauhawar farashi a hukumance ta kai kashi 34.8. Idan asusunka ya samu ribar kashi 15 ko 20 a irin wannan shekarar, a takarda ka ƙaru, a kasuwa ka ragu. Buhun da kuɗinka za su saya a farkon shekara ba za su saya a ƙarshenta ba. Don haka wanda ya ce shi ba ya son kasada ko kaɗan, ya sani cewa zaman ma kasada ne, sai dai ita ba ta ihu, a hankali take ci kamar gara.

Yanzu ga wanda na san ya fi damun mutanenmu. Da yawa daga cikin iyayenmu ba maganar riba ce a ransu ba, maganar kuɗin ruwa ce. Mutum ya yi shekara 35 yana kiyaye abin da zai kai bakinsa, sannan a ce abin da zai ci a tsufansa daga rance mai ruwa ya fito. Saboda irin wannan ne a 2021 PenCom ta fito da asusu na shida, wanda ba a juya kuɗinsa da ruwa. Mai aiki yana iya shiga, wanda ya yi ritaya ma yana iya shiga, kuma ba a tambayar addininka. Ana zuba kuɗin a sukuk da hannun jarin kamfanonin da sana'arsu ba ta saɓa wa shari'a ba. Sukuk ɗin nan ba baƙon abu ba ne a wajenmu: na farko da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017, naira biliyan 100 ne, tituna aka yi da shi, har da wasu sassan titin Kano zuwa Maiduguri.

Shi ma sai ka nema, ba a kai ka da kanka. Kuma idan za ka nema, ka yi tambaya ɗaya: nawa ne daga cikin kuɗin asusun yake cikin kayan da ba ruwa a yanzu? Dalili, lokacin da aka fara, irin waɗannan kayan ba su wadata a kasuwa ba, sai aka yi wa kamfanonin sassauci na wani lokaci. Haƙƙinka ne a ba ka amsa, kuma ka kai wa malamin da ka yarda da shi ya duba maka.

Na tsallake na biyar da gangan. Shi na masu sana'ar kansu ne, Buhari ya ƙaddamar da shi a watan Maris na 2019. Dillali a Dawanau, tela, mai Adaidaita, mai sayar da kaya a intanet, kowa zai iya buɗewa ya riƙa zuba abin da ya samu. Wannan shiri guda ne da kansa.

To, tunda zaɓi ya yi amfani, me zai hana a ƙara? A ba mutum asusu ɗari, ya zaɓi wanda ya ga dama? Akwai masu wannan ra'ayin, kuma akwai ƙasar da ta gwada. A Amurka ma'aikatan gwamnatin tarayya da sojoji suna da nasu asusun tanadi, ana ce masa TSP, wanda aka kafa a 1986. Shekaru da yawa manyan zaɓuɓɓukansa biyar ne kacal, sai wasu da ake haɗawa daga cikin biyar ɗin gwargwadon shekarar da mutum zai yi ritaya. Mutane suka yi ta ƙorafi cewa an takura su. A watan Yunin 2022 aka buɗe musu ƙofa zuwa asusun zuba jari na haɗaka wajen 5,000 na kamfanoni masu zaman kansu. Amma da sharuɗɗa: ba za ka kai fiye da kashi 25 na kuɗinka can ba, zubin farko kada ya gaza dala 10,000, za ka biya dala 150 duk shekara a lokacin da aka fara, sannan duk saye ko sayarwa a cire kusan dala 29. Da aka buɗe, 'yan ƙalilan ne suka shiga. Miliyoyin ma'aikata suka yi zamansu a inda suke.

Abin da na ɗauka daga nan shi ne, yawan rumfuna ba ya sa mutum ya iya ciniki. Ka kai wanda bai san hatsi ba tsakiyar Dawanau ka ce ya zaɓa, dillalin da ya fi iya baki shi zai bi. Kuma kowane ƙarin zaɓi da kuɗin hidimarsa yake zuwa, wanda daga cikin ribarka ake cira, ko an ci ko an faɗi. Mu da muke da 'yan ƙalilan, kuma mafi yawan masu asusun ba su san na wane suke ciki ba, ban ga abin da 5,000 za su ƙara mana ba in ban da 'yan damfara masu sabon kaya. Ku tuna yadda MMM ta yi da mutane a 2016, alhali ba a ma ba su damar taɓa kuɗin fanshonsu ba.

Yawwa. Mu dawo kan gida na biyu, wanda a gaskiya su ne suka fi yawa a ƙaramar hukumar nan. Malamin firamare a Kwa ko Tattarawa, duk abin da na faɗa tun ɗazu bai shafe shi ba. Jihar Kano ba ta bi tsarin asusun kowa da sunansa ba. A ƙarƙashin dokar 2006, tana da nata asusun guda, wanda hukumar amintattun fansho ta jiha take riƙewa. Tsarin ya fara da kashi 8 daga ma'aikaci, kashi 17 daga gwamnati. Duk a zuba a rumbu ɗaya, idan ka yi ritaya a lissafa maka garatuti da fansho gwargwadon albashinka da shekarun aikinka.

Tsarin yana da kyansa, kada mu yi masa rashin adalci. Idan kasuwa ta faɗi, ba kai za ka ɗauki asarar ba, alƙawarin yana kan gwamnati. 'Yan sanda da suke ta fafutukar a fitar da su daga tsarin tarayya, irin wannan tabbacin suke nema, saboda abin da wasunsu suke samu bayan ritaya ba ya kai su ko'ina. Jigawa ma irin tsarin Kano take bi, kuma an daɗe ana yaba mata a kai.

Matsalar ita ce, a rumbun haɗaka ba ka da mabuɗi, ba ka da ma taga. Ba ka san ko ma'aikatarka ta zuba nata kason a wannan watan ba. Ba ka san inda aka juya kuɗin ba, balle a tambaye ka ko ka yarda. Kuma mun gani a aikace. An zuba kuɗin 'yan fanshon Kano a rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, wanda duk mai bin titin Katsina ya sani. Maganar ta yi shekaru tana yawo tsakanin siyasa da EFCC da kotu, sai a 2024 EFCC ta miƙa takardun gidaje 324 ga 'yan fanshon. Ba na nan don in ce wane ne mai laifi, kowane ɓangare yana da nasa bayanin, kuma na san masu saurarenmu kowa da jam'iyyarsa. Abin da ya dame ni shi ne, malamin da aka yanki albashinsa ba wanda ya taɓa tambayarsa ko yana son a sayi gida da kuɗinsa. Sannan bashin garatuti ya taru, har gwamnatin da ta hau a 2023 ta ce ta tarar da sama da naira biliyan 48, ta fara biya kashi-kashi. A cikin masu jiran nan akwai waɗanda magadansu ne suka karɓa.

Shi ya sa idan aka ce a ba ma'aikacin Kano zaɓi, ni ba da jerin asusu zan fara ba. Zan fara da saƙon waya. Duk wata ma'aikaci ya ga an rubuto masa: an cire maka kaza, ma'aikatarka ta zuba kaza. Duk shekara hukumar ta buga inda kuɗin suke, da Hausa, a inda kowa zai gani. Idan wannan ya zauna, sai a zo maganar ko za a ware ɓangaren da ba ruwa ga mai so. Wannan aikin ƙungiyoyin ƙwadago ne da 'yan majalisar jiha, kuma ɗan majalisarmu ba a Abuja yake ba, ana ganinsa a ɗaurin aure.

Ko a tarayyar ma wannan ciwon yana nan. Za ka iya zaɓar asusun da ya fi kowane kyau, amma idan wurin aikinka yana cirewa ba ya turawa, iska ake juya maka. Doka ta ce a tura cikin kwanakin aiki bakwai bayan biyan albashi. Don haka duba bayanin asusu ba aikin ranar ritaya ba ne.

Ga aikin da zan bar muku, musamman ku da kuke riƙe wa iyaye waya. Yau da daddare ka ce, Baba, kawo mu duba saƙon kamfanin fanshonka. Ku duba abu uku: wane asusu aka rubuta, yaushe aka yi zubi na ƙarshe, sannan sunan magajin da ke cikin fayil ɗin har yanzu shi ne wanda Baba yake nufi? Da yawa tun suna samari suka cike takardar. Idan kamfanin ba ya turo bayani ko ba ya ɗaga waya, tun watan Nuwamban 2020 an ba kowa damar ya koma wani kamfanin sau ɗaya a shekara, da kuɗinsa gaba ɗaya. Kada kuma ku ba kowa lambar sirri ko ku biya wani ɗan tsakiya, sauyin asusu a wajen kamfanin ake yi kai tsaye.

Wanda ya duba, ya rubuto mana lambar asusun da ya gani kawai, na biyu ne ko na uku ko na shida, ban da suna, ban da adadin kuɗi. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu ɗauki asusu na biyar, mu ga ko ya fi adashi ga mai sana'a.